Saffo ta tsibirin Lesbos: me ta rera da bakinta, me aka jingina mata?

Me ya sa har yau ake ja-in-ja a kan wata mawaƙiya da ta bar duniya kusan shekara 2,600 da suka wuce, alhali waƙarta guda ɗaya tak ce ta iso hannun mutane a cike? Sunanta Saffo, Turawa na rubuta shi Sappho, kuma 'yar tsibirin Lesbos ce a ƙasar Girka. Yawancinmu ba ta hanyar waƙa muka fara jin sunanta ba. Gardamar maɗigo ce kan taso a Facebook ko X, sai wani ya shigo da cewa kalmar da Turawa ke kiran 'yan maɗigo da ita, wato lesbian, daga sunan tsibirin wata mawaƙiya aka ciro ta. Daga nan sai labarai su yi ta fitowa: wai ita ce ta ƙago abin, wai malaman coci ne suka ƙone littattafanta saboda batsa, wai kuma daga kan dutse ta faɗa teku don wani saurayi ya ƙi ta.

Mai lura zai ga labarin farko da na ƙarshe ma ba su jitu ba. Don a warware zaren, sai an raba abu uku da aka cakuɗa: abin da ita ta rera, abin da mutanen da suka zo bayanta da ɗaruruwan shekaru suka rubuta a kanta, da abin da Turawan ƙarni na 19 da na 20 suka ƙara.

Inda ta rayu da gidan da ta fito

Lesbos tsibiri ne a Tekun Ejiyan, dab da gaɓar Turkiyya ta yau. Masu bin labarai za su tuna shi da sansanin 'yan gudun hijira na Moriya da ya ƙone a watan Satumba na 2020. A tsibirin aka haifi Saffo wajen shekara ta 630 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko dai a garin Eresos ko a Mitilini, babban birnin tsibirin, inda ta yi yawancin rayuwarta. Ana ƙiyasta ta rasu wajen 570.

'Yar manyan gida ce. Ƙaninta Larikos ya yi aikin zuba abin sha a zauren majalisar Mitilini, aikin da 'ya'yan masu faɗa-a-ji kaɗai ake ba. Zamaninta kuwa na rikici ne, manyan gidaje na ta kokawar mulki, wanda ya yi nasara ya kori sauran. Wani tsohon rubutu da aka sassaƙa a kan dutse a tsibirin Faros ya ce wajen shekara ta 600 an kore ta zuwa Sisili. Akwai ma guntun waƙa inda take gaya wa wata yarinya mai suna Kileyis, wadda galibin masana ke ɗauka 'yarta ce, cewa ba ta da halin samo mata ɗankwalin ado irin na Lidiya, wata ƙasa mai arziki da ke maƙwabtaka da su. A wani guntun kuma ta ce tana da kyakkyawar 'ya mai kama da furen zinariya, ba za ta musanya ta da Lidiya kacokan ba.

Sai ɗan'uwanta Karaksos, bafataken da ke kai ruwan inabi Masar ta jirgin ruwa. Herodotus, masanin tarihin da ya yi rubutu fiye da shekara 100 bayanta, ya ce Karaksos ya je garin Naukaratis a Masar, ya kashe dukiya mai yawa ya fanshi wata shahararriyar karuwa, da ya dawo gida kuma Saffo ta yi masa wankin babban bargo a waƙa. Kusan iyakar abin da za a dafa ke nan game da rayuwarta. Sauran duk daga baya aka saƙa.

Waƙar rerawa ce, da kiɗa

Saffo ba ta zauna ta rubuta littafi don a karanta a ɗaki ba. Waƙoƙinta na rerawa ne, tare da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da Girkawa ke kira lira. Wasu ita kaɗai ke rerawa, wasu kuma na 'yan mata ne masu amshi, a wajen biki ko wajen bautar gumakansu. Da karin harshen tsibirinsu ta yi su, wanda ya bambanta da Girkancin birnin Atina. A riƙe wannan, don zai dawo a batun ɓacewar waƙoƙin.

Ma'aunin waƙar Girkawa kan nauyin gaɓa yake tafiya, mai nauyi da marar nauyi, tsarin da masu rubutacciyar waƙar Hausa suka sani ta hanyar aruli. Akwai wani kari da har yau sunanta yake ɗauke da shi: baiti mai ɗango huɗu, uku na farko gaɓa 11 kowanne, na ƙarshe gajere mai gaɓa 5. Mawaƙan Rum irin su Katulus da Horas sun ari wannan kari suka yi waƙa da shi a Latin bayan shekara 500 da wani abu.

Magabata sun ɗauke ta da girma ƙwarai. Wata gajeriyar waƙa da ake jingina wa Aflatun ta ce alloli mata masu ba da hikimar fasaha tara ne a lissafin mutane, amma Saffo ce ta goma. Aristo ya ce mutanen Mitilini sun girmama ta duk da kasancewarta mace, kuma wannan "duk da" ɗin ya ishi mai karatu ya gane matsayin mata a wancan zamani. An kuma ruwaito cewa Solon, mai tsara dokokin Atina, ya ji ɗan ɗan'uwansa na rera waƙarta a wajen liyafa, ya ce a koya masa. Aka tambaye shi dalili, ya ce don in iya ta sannan in mutu.

Abin da ke cikin waƙoƙin soyayyar

Cikakkiyar waƙar nan guda ɗaya roƙo ce ga Afrodita, wadda Girkawa ke bauta wa a kan sha'anin so. Baiti bakwai ne, ɗango 28. Saffo ta fara da magiya, kada a karya mata zuciya da baƙin ciki. Sai ta tuna wani zuwa da Afrodita ta taɓa yi mata a karusa, ƙananan tsuntsaye na janta. Abin da ya sa waƙar ta fita daban shi ne yadda baƙuwar ta yi magana. Murmushi ta yi, ta ce: yau kuma me ya same ki? Me kuma kika kira ni? Wa kuma zan lallaso miki? Wa ya ɓata miki, Saffo? In tana gudunki, ba da jimawa ba za ta bi ki. In tana ƙin kyautarki, ita za ta ba ki. In ba ta so, za ta so, ko da ba da son ranta ba.

Wannan "kuma" da ke ta maimaituwa ita ce gishirin waƙar. Mawaƙiyar na cikin ciwon so da gaske, amma tana iya tsayawa gefe ta yi wa kanta dariya, ta san ba yau ne farau ba kuma ba yau ne ƙarau ba. Mawaƙan soyayya da yawa sun iya kuka, kaɗan ne suka iya kuka suna kallon kansu.

Guntu na 31, a lambar da masana suka ba shi, ya fi kowanne shahara. Wani mutum na zaune gaban wata mace yana sauraron muryarta da dariyarta, mawaƙiyar kuma na kallo daga gefe. Ta ce a idonta mutumin nan daidai yake da alloli. Sannan ta shiga lissafa abin da ke faruwa a jikinta: zuciya na dukan ƙirji, murya ta ɗauke, harshe ya karye, wata siririyar wuta na bin ƙarƙashin fata, ido ba ya gani, kunne na ƙugi, gumi na zuba, jiki na rawa, launi ya koma kamar na ciyawa, saura ƙiris ta mutu. Ba ta siffanta fuskar matar ba ko sau ɗaya. Ba ta ce tana kishi ba. Alamomin kawai ta jera, ta bar mai sauraro ya sa wa ciwon suna. Waƙar ta yanke ne a daidai inda take cewa amma dole a jure komai.

A guntu na 16 kuma sai ta koma mai kafa hujja. Wasu na cewa rundunar dawakai ce mafi kyan abu a bayan ƙasa, wasu dakarun ƙasa, wasu jiragen yaƙi, ni kuwa na ce abin da mutum yake so ne. Ta kawo misali da Helen, kyakkyawar matar nan ta tatsuniyar Girkawa, wadda ta bar mijinta da 'yarta da iyayenta ta tafi birnin Turoy. Wannan ya tuna mata da ƙawarta Anaktoriya da ba ta nan, ta ce ta fi son ganin tafiyarta da hasken fuskarta a kan karusan Lidiya da sojoji cikin sulke. A duniyar da waƙar yaƙi da jarumta ta Homa, babban mawaƙin Girkawa, ita ce ma'aunin komai, mace ta ɗora takun ƙawarta a kan sikeli ɗaya da runduna, ta ce ya rinjaya.

Akwai 'yan ƙanana da ba su wuce ɗango biyu ko huɗu ba. So ya girgiza zuciyata kamar iskar da ta auka wa manyan itatuwa a kan dutse. So mai saki gaɓoɓi, mai zaƙi da ɗaci. Da wanda aka fi yawo da shi, ko da yake wasu masana na shakkar ko nata ne: wata ya faɗi, Kaza da 'Ya'yanta sun faɗi, dare ya raba, lokaci na wucewa, ni kuwa ina kwance ni kaɗai.

Kada a ɗauka duk hawaye ne. Waƙoƙinta na biki cike suke da zolaya. Ƙawayen amarya na tsokanar abokin ango mai tsaron ƙofa, suna cewa ƙafarsa gaba bakwai ce, takalminsa ƙirgin sa biyar aka yanka, dukawa goma suka sha wahalar ɗinkinsa. A wata kuma ana kiran kafintoci su ɗaga rufin ɗaki sama, ango na tafe, ya fi dogon mutum tsawo. Ita amarya an kwatanta ta da tuffa da ta nuna a can reshen ƙoli, masu tsinka sun manta da ita. Sai mawaƙiyar ta gyara zancenta nan take: a'a, ba mantawa suka yi ba, hannunsu ne bai kai ba.

Yadda littafi tara ya koma gutsattsari

Malaman babban ɗakin karatu na Iskandariya, a Masar, sun tattara waƙoƙinta wajen shekara 300 bayan rasuwarta. An ce littafi tara suka yi. Wata tsohuwar takarda ta nuna na farkon kaɗai ɗango 1,320 ne, kuma ana ƙiyasta jimillar ta kai wajen 10,000. Abin da ya rage yau bai wuce 650 ba, da yawansu ma rabin ɗango ne ko kalma ɗaya.

Labarin da ya fi yawo shi ne coci ya ƙone su, har ana ambaton Paparoma Giregori na 7 da shekarar 1073. Malaman Turai na ƙarni na 16 ne suka yaɗa wannan, kuma babu wani rubutu na zamanin da aka ce abin ya faru da ya goyi bayansa. Gaskiya ne wasu marubutan Kirista na farko, irin su Tatiyan a ƙarni na 2, sun zage ta da fasiƙanci. Amma a birnin Balin akwai wata fata mai ɗauke da waƙoƙinta da aka kwafa a Masar wajen ƙarni na 6 ko na 7, lokacin da Kiristanci ya daɗe da kafuwa a can. Ke nan har a lokacin ana kwafarta.

Abin da ya cinye waƙoƙin bai kai wuta armashi a labari ba. Littafin da, in ba a sake kwafarsa da hannu ba, ruɓewa yake. Da aka bar naɗaɗɗiyar takardar fafirus, wadda ake yi da wani tsiro na bakin ruwa, aka koma littafin fata mai shafuka, sai kowane aiki ya zama yana buƙatar wanda zai biya kuɗin fata da ladan mai kwafa. Makarantu sun fi son Girkancin Atina, karin harshen Lesbos kuma ya yi wa ɗalibai wuya, sai aka rage karantar da ita, aka rage kwafa. Zuwa ƙarni na 12 wani malamin birnin Kustantiniya mai suna Zetzes yana kukan cewa zamani ya tafi da Saffo da ayyukanta.

To ta ina ragowar suka tsira? Hanya ta farko ita ce ambato a littattafan wasu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci nahawun Larabci ya san yadda ake kawo baiti ɗaya na wani mawaƙin Jahiliyya don kafa hujja a kan wata ƙa'ida, a bar sauran waƙar. Haka malaman nahawu da na balagar Girka suka yi da Saffo. Roƙon Afrodita ya tsira ne don wani malami, Diyonisiyus na Halikarnasus, ya kawo shi dungurungum a matsayin misalin santsin lafazi. Guntu na 31 kuma wani littafin balaga ne ya adana shi.

Hanya ta biyu juji ce. A ƙarshen 1896 wasu Turawan Ingila biyu daga Oksfod, Grenfell da Hunt, suka fara tono a tsohon garin Oksirinkus, wato Bahnasa ta yau, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira. Busasshen yashi ya adana takardun da mutanen garin suka zubar tun zamanin Rumawa: rasit, wasiƙu, takardun haraji, da yagaggun littattafai, ciki har da na Saffo. Wata waƙar tata ma a jikin tsingaro aka same ta, aka buga a 1937. A 2004 masana a birnin Kolon na Jamus suka gano wata takardar da ta cike giɓin wani guntu da aka sani tun 1922, sai ga waƙa kusan cikakkiya a kan tsufa: gashi ya yi fari, zuciya ta yi nauyi, gwiwoyin da a da ke rawa kamar na 'ya'yan barewa sun daina ɗaukarta. Ta ce tana yawan nishi a kai, amma me za ta yi, ɗan'adam ba ya tsere wa tsufa.

Gardamar matan da ke cikin waƙoƙin

Nan ne wurin da ake ta da jijiyar wuya. Girkanci, kamar Hausa, yana bambanta mace da namiji a ginin jimla, kuma a waƙoƙi da dama mai magana mace ce, wadda ake bege ita ma mace ce: Attis, Anaktoriya, Gongila. Wannan a rubuce yake. Masu fassara na Turai sun daɗe suna kauce masa. Fassarar Ingilishi ta roƙon Afrodita da aka buga a 1711 namiji ta mayar da wanda ake so, kuma an bi wannan sawu har zuwa ƙarni na 20.

Ɓangare na farko su ne masu wanke ta. Bajamushe Welcker ya rubuta littafi a 1816 don kare mutuncinta, sai Wilamowitz a 1913 ya zana ta a matsayin shugabar makarantar tarbiyyar 'yan mata masu shirin aure. Matsalar ita ce babu makaranta a cikin ko guntu ɗaya. Makarantar kwana ta 'yan matan Jamus ta zamaninsa ce Wilamowitz ya ɗauka ya kai Lesbos.

Ɓangare na biyu su ne masu ɗaukar ta a matsayin tuta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitoci da marubutan Turai suka fara amfani da sunanta da na tsibirinta don mata masu neman mata, daga baya ƙungiyoyin masu fafutuka suka rungume ta uwa. Su ma akwai inda suka zarce. Rarraba mutane gida-gida bisa wanda suke sha'awa tunani ne na zamanin nan, Girkawan da ba su da shi. A wasannin barkwanci na Atina ma, in an ambaci matan Lesbos, lalata da maza ake nufi.

Akwai kuma masu cewa a yi hattara da ɗaukar kowace "ni" ta cikin waƙa a matsayin tarihin mawaƙi, musamman waƙar da aka tsara don taro ko don 'yan amshi su rera. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta share komai ba, tun da a roƙon Afrodita sunanta aka kira ƙarara.

Ra'ayina shi ne wanda ya ce babu begen mace ga mace a waƙoƙin bai karanta su ba, wanda kuma ya ce ya san yadda ta yi rayuwarta ta yau da kullum ya faɗi abin da gutsattsarin ba su faɗa ba. Batun wai ita ta ƙago maɗigo kuwa ba shi da tushe ko kaɗan, sunan wuri ne aka ara bayan fiye da shekara 2,000.

Saurayin kwale-kwale da mijin bogi

Labarin faɗawa teku daga dutsen Lefkada saboda wani matuƙin kwale-kwale mai suna Fawon ya fito ne a wasan kwaikwayo na Menanda, wani marubucin Atina, fiye da shekara 200 bayan rasuwarta, sai mawaƙan Rum suka ƙara masa gishiri. Shi Fawon ɗin mutumin tatsuniya ne. Marubutan barkwanci na Atina sun yi wasanni da dama masu sunanta, har wani ya haɗa ta soyayya da mawaƙa biyu da ba su yi zamani ɗaya da juna ba. Mijin da wani kundin Rumawan Gabas na ƙarni na 10 ya ba ta, Kerkilas na tsibirin Andros, sunansa da na garinsa in an haɗa zolayar batsa ce, alamar daga irin waɗancan wasanni aka tsinto shi.

Inda abin ya taɓa mutanen yau

Mutanen Lesbos su ne suka fi jin abin a jikinsu, don sunan da ake kiran ɗan tsibirin da shi ya zama ɗaya da waccan kalma. A 2008 mutum uku 'yan tsibirin suka kai wata ƙungiyar 'yan luwaɗi da maɗigo ta Girka ƙara a Atina, suna neman a hana ta amfani da sunan. Kotu ta yi watsi da ƙarar a watan Yuli na shekarar. A ɗaya gefen kuma, ƙauyen Eresos na bakin teku na samun kuɗin shiga daga mata masu yawon buɗe ido da ke zuwa saboda Saffo.

Mai karatu a intanet shi ma yana da nasa rabon. Da yawa daga baitocin da ake liƙawa da sunanta cike-giɓi ne na masu fassara. Wani bugu na Ingilishi da J. M. Edmonds ya fitar a 1922 ya yi ƙaurin suna wajen ƙirƙiro Girkancin da babu shi a takarda don ɗinke ramuka. A Faransa ma, a 1894, Pierre Louÿs ya buga waƙoƙin da ya ce fassara ce daga wata mawaƙiya 'yar zamanin Saffo, alhali shi ya tsara su, matar ma ba a taɓa yin ta ba. Bugu na ƙwarai yakan sa lambar guntu, ya kuma nuna inda takarda ta yage.

Sai Masar, wadda yashinta ya adana yawancin abin da aka samu. A 2014 masanin Oksfod Dirk Obbink ya buga wata sabuwar waƙa mai ambaton Karaksos da Larikos da sunansu. A ciki ana ta surutun cewa Karaksos na tafe da jirgi cike da kaya, mai waƙar kuma na cewa a bar wa alloli wannan, a tura ta ta yi roƙo ya dawo lafiya, kuma da Larikos zai ɗaga kai ya zama namiji da an huta da nauyin zuciya. Duniyar masana ta yi murna, don ta yi daidai da labarin Herodotus. Amma dokar Masar ta 1983 ta haramta cinikin kayan tarihi, don haka tambayar yaushe takardar ta bar ƙasar, kuma ta hannun wa, ba ƙaramar tambaya ba ce. Bayanin da aka bayar game da asalinta ya yi ta sauyawa, har a 2021 kamfanin ɗab'i na Brill ya janye babin da Obbink ya rubuta a kan haka. Galibin masana na nan a kan cewa waƙar ta Saffo ce, amma a lokacin da aka buga ta takardar tana hannun wani mai tara kayan tarihi da ba a bayyana sunansa ba, sauran masu bincike kuma da hotunanta suke aiki.